Jirgin da ya kwanar da ni a hanya, da yadda na karɓo yuro 600 ɗina

Na daɗe ina so in rubuta wannan sharhin, don duk wanda na ba labarin a cikin 'yan uwanmu ɗalibai sai yace wai dama ana biya? Eh ana biya, ni an biya ni, amma sai da na yi wata biyu da 'yan kwanaki ina bin su. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, haka ma garin da muka yi tiranzit don ina faɗa za a gane su, kamfanin Turai ne dai babba.

Ina karatu a Debrecen ƙasar Hangari, a Disambar 2024 aka sa bikin ƙanwata a Kano, kamu ranar Alhamis ɗaurin aure Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na yanki tikiti daga Budafes zuwa Abuja, bukin ɗaya lamba ɗaya, za mu sauka a wani gari mu canza jirgi, tsakani awa ɗaya da minti 50. Na Abuja zuwa Kano kuma daban na saya a wurin wani kamfanin gida na safiyar Alhamis saboda ya fi araha. Ku riƙe wannan, nan ne na yi asara.

Ranar Laraba tun kafin asuba ina filin jirgi, muka shiga muka zauna kowa ya ɗaura bel, shiru shiru jirgi bai motsa ba, can matuƙin ya yi magana yace akwai wata na'ura da ke nuna matsala injiniyoyi na dubawa. Bayan kamar minti 40 aka ce mu sauko. Saƙo ya shigo wayata daga kamfanin cewa an samu jinkiri saboda matsalar na'ura, Allah ya taimake ni na yi sikirinshot ɗinsa nan take, don turawa Umma kawai na yi in nuna mata halin da ake ciki, ashe shi ne zai zame min hujja daga baya. Ba mu tashi ba sai bayan awa biyu da minti 40. Muna sauka na kwasa da gudu da jakar baya, ina isa ƙofar na tarar an kashe allo, ba kowa sai wata mai shara.

Layin kantar masu canjin jirgi ya kai mutum 60, ma'aikata biyu ne kacal. Na yi awa biyu a tsaye. Da na isa gaskiya matar ta yi min mutunci, ta mayar da ni jirgin gobe ba tare da na ƙara ko sisi ba, ta ba ni takardar otal da ta motar da za ta kai ni da baucar abinci ta yuro 15, wadda biredi da cuku da ruwa ɗaya kawai ta saya min don sauran abincin wurin ban yarda da namansa ba. Amma ko da wasa ba ta ce min ina da haƙƙin diyya ba, alhali dokar Tarayyar Turai kan haƙƙin fasinjan jirgi ta wajabta musu su ba fasinja takarda da ke bayanin haƙƙinsa. Wannan ne babban abin da na riƙe su da shi, sun fi so ka ɗauka otal ɗin da abincin alfarma suka yi maka.

A layin nan na haɗu da wata Hajiya 'yar Zariya, ta taso daga Amurka wurin 'yarta da ta haihu, ita ma jirgin Abujan ya tafi ya bar ta. Ta ji ina waya da Hausa sai ta taɓo ni tace "ɗan nan don Allah tsaya kusa da ni, ba na gane turancin mutanen nan." Nace "to Hajiya, kawo fasfo ɗin da bodin fas." Ni ina da katin zama na Hangari don haka zan iya fita otal, ita kuwa ba ta da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, a ciki za ta kwana. Bargo da ƙaramin filo suka ba ta. Na raka ta ɗakin sallah, na sa mata wayarta a caji na haɗa ta da wayfay ɗin wurin ta kira 'yarta, da zan tafi tace "Allah ya yi maka albarka, ka je ka huta." Wlh har na kwanta a otal ina tunanin tsohuwar nan a kan kujerun ƙarfe da ciwon gwiwa cikin sanyin Disamba.

Mun sauka Abuja daren Alhamis, kusan awa 24 bayan lokacin da ke kan tikitina. Kamu ya wuce, a waya na gani. Jirgin Kano ya tafi tun safe da kuɗina. Asubar Juma'a na shiga mota a Jabi, ga aikin hanya tsakanin Abuja da Kaduna, muna shiga unguwarmu mutane na fitowa daga masallaci ana ta gaisawa ana Allah ya sanya alheri. An ɗaura. Da na shiga cikin gida ƙanwata ta ɗago mayafi tace "Yaya sai yanzu?" ban iya ce mata komai ba.

Sai da na koma makaranta a Janairu na zauna na karanta dokar da kaina. Sunanta doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta Tarayyar Turai, kuma ba ta da tsawo. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar ko na wane kamfani ne, sannan da wanda zai shigo Tarayyar daga waje in kamfanin na Turai ne. Ba ruwanta da launin fasfonka. Kuɗin kuma da nisan tafiya ake lissafawa ba da tsadar tikiti ba, yuro 250 in tafiyar ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 zuwa kilomita 3,500, abin da ya haura haka 600 in ba cikin Tarayyar kaɗai tafiyar take ba. Budafes zuwa Abuja ya fi kilomita 4,000 don haka nawa 600 ne. Maganar awa uku kuma kotun Tarayyar Turai ce ta kafa ta a 2009 a shari'ar Sturgeon, cewa wanda ya isa a makare da awa uku ko fiye daidai yake da wanda aka soke masa jirgi. A doguwar tafiya irin tawa in jinkirin tsakanin awa uku da huɗu ne suna iya biyan rabi.

Na cike fom a shafinsu na haɗa bodin fas duka biyun, na tsohon jirgi da na sabon. Bayan sati uku amsa ta zo, wai jirgina na farko bai kai awa uku da makara ba don haka ba ni da komai. Nan ne mutane da yawa ke haƙura. Amma tun 2013 kotun ta yanke a shari'ar Folkerts cewa in bukin ɗaya ne, lokacin da ka isa inda za ka na ƙarshe ake dubawa, matar da ta kai ƙarar daga Bremen ta tashi za ta Asunsiyon a Faraguwai, jirgin farko ya makara awa biyu da rabi ita kuma ta isa da jinkirin awa 11. Kusan irin nawa sak. Na rubuta musu haka a imel gajere ba zagi ba roƙo.

Sai suka canza baki, wai abin da ya faru yanayi ne da ya fi ƙarfinsu. Dokar ta yarda da wannan uzurin in guguwa ce ko matsalar tsaro ko rufe sararin sama, amma lalacewar na'ura ta yau da kullum ba ta ciki, wannan ma an yanke tun Disambar 2008 a shari'ar Wallentin-Hermann, kuma kamfani ne zai kawo hujja ba fasinja ba. Na tura musu sikirinshot ɗin nan na saƙonsu da bakinsu, nace in ba su biya ba zan kai ƙorafi hukumar da ke sa ido kan dokar a Hangari tunda daga can jirgin ya tashi. Kwana tara sai ga imel, sun amince, amma wai in karɓi baucar tafiya ta yuro 750 mai ƙarewa cikin shekara ɗaya. Na so in karɓa don ta fi yawa, sai na tuna ba lallai in yi tafiya a shekarar ba kuma dole da su zan sake tafiya. Dokar tace kuɗi ne, bauca sai in kai ka sa hannu ka yarda. Nace kuɗi nake so. Tsakiyar Maris alat ya shigo, 600 cif.

Akwai kamfanonin da ke bi maka haƙƙin su cire kasonsu, wanda na duba kaso 35 cikin 100 zai ɗauka, wato yuro 210 a kan imel uku da na rubuta da hannuna. In kamfanin jirgi ya kafe sai kotu to suna da amfani, amma a fara gwadawa da kai.

Kuɗin tikitin Kano kam ya tafi, tunda a takardarsu tafiyata a Abuja ta ƙare. Da a bukin ɗaya yake da dole su kai ni har Kano. Kuma ga masu bi ta Alƙahira ko Kasablanka ko Adis Ababa, in daga Turai ka taso a bukin ɗaya dokar na bin ka har ƙarshe ko da a can ne aka samu matsalar, an yi irin wannan shari'ar a 2018 kan tafiya daga Balin zuwa Agadir ta Kasablanka. Amma in daga Najeriya ka taso da kamfanin da ba na Turai ba, ba ta shafe ka ba, sai dai ka bi ta NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, suna da sashen kare haƙƙin fasinja. Masu tasowa daga Ingila kuma nasu ya koma fam tun bayan ficewarsu, 220 da 350 da 520. A Yunin 2025 ministocin sufurin Tarayyar sun nemi a ɗaga awa ukun nan zuwa huɗu da shida, 'yan majalisar Turai suka tsaya kan uku, don haka mai tafiya ya leƙa dokar kafin ya cike fom.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne na Hajiya. Mun yi musayar lamba, da kuɗina ya shigo na kira ɗanta da murna nace su ma su nema. Da muka bincika sai muka tarar tafiyar da ta fara a wajen Tarayyar ta kuma ƙare a waje, Turai tiranzit ne kawai, dokar ba ta rufe ta ba, kotun ta faɗi haka a 2022. Ita da ta kwana a kan kujera ba ta da 600, ni da na kwana a katifa ina da shi. Abin da ya rage mata yarjejeniyar Montiriyal ce ta 1999 wadda Najeriya da Amurka duk suna ciki, ita kuma asarar da ka nuna da rasit take biya, cikin shekara biyu. Hajiya ba ta ajiye rasit ko ɗaya ba, shayin da ta sha da maganin da ta saya duk ta zubar da takardun.

In maki zan ba su, ma'aikatan jirgi da matar da ta canza min jirgi huɗu cikin biyar, sashen ƙorafinsu ɗaya, don sau biyu suna ba ni amsar da na tabbata sun san ba haka doka tace ba. Tafiyar da zan yi nan gaba na riga na yanka, bukin ɗaya har filin jirgin Malam Aminu Kano, tsakanin jirgi da jirgi awa huɗu, ya fi wancan tsada da kusan yuro 90 kuma na biya.