Yadda ake maganin barin ƙwaya a Ingila, da abin da yake yi wa jiki

Salamu alaikum mutanen Kano, ya haƙuri da zafi. Tunda na fara aiki a wata cibiyar masu son barin shaye-shaye a nan Birmingham ake ta tambayata wai ya Turawa ke yi da nasu 'yan ƙwayar, to ga abin da nake gani da idona.

A nan ba ɗaure mutum ake ba, ba mari ba bulala. Wanda hiroyin ko kodin ko tiramol ta kama likita ne zai ɗora shi a kan magani, ko methadone, wani ruwa ne kore da zai je kemis kullum ya shanye a gaban mai kemis ɗin, ko buprenorphine da ake sawa a ƙarƙashin harshe, akwai ma na allura sau ɗaya a wata. Ganin likitan kuma kyauta ne. Wallahi wannan ɓangaren sun yi mana nisa, mu tun 2018 da aka hana kodin na ruwa kamawa da kullewa aka fi sani, yaro ya fito ya koma ruwa.

Amma abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne jiki yana canjawa sosai. Mutum zai zo a rame ƙasusuwan wuya duk a waje, kafin shekara ta zagayo wandonsa ya ƙi shiga, an fi ganin haka a masu methadone. Wani ɓangaren murmurewa ce kawai, da can ba ya cin abinci yanzu ciki ya buɗe, amma akwai kwaɗayin zaƙi da ke zuwa da maganin, akwai wani bawan Allah da nake gani yana zuba sukari cokali bayan cokali a shayi ga ledar biskit a aljihu. Ga taurin bayan gida har ciki ya kumbura, ga gumi ko ana tsakiyar sanyi, baki ya bushe haƙora su fara lalacewa, maza sha'awa ta ragu, mata al'ada ta rikice. Shi yasa ake ɗora su a sikeli ana auna jini, ba a barin su haka nan.

To a nan ne na ga mu ma muna da abin da ba su da shi. Kayan zaƙi a nan arha kamar banza, biskit bai kai fam ɗaya ba, amma je ka sayi kuɓewa ko alayyahu a shagon 'yan Pakistan ka ji kuɗi. Ku kuwa ga Yankaba, ga zogale da rama a ƙofar gida, ga gero da wake a Dawanau, ga uwa da za ta dafa ta zauna a kansa sai ya ci. Da yawa a nan su kaɗai ne a ɗaki ba mai leƙo su.

Roƙona ɗaya ne, dan Allah in ɗanku yana kan magani ya yi ƙiba kar ku ce ai ya warke ya daina, kar kuma a dinga tsokanarsa da tumbi har ya ji kunya ya watsar. Wanda ya tsaya da magani farat ɗaya in ya koma ya sha ƙwayar yadda ya saba a da, jikin ba zai ɗauka ba, numfashi ne ke tsayawa. A rage masa lemon kwalba, ya yawaita shan ruwa, ku ja shi tattaki bayan la'asar, ragin magani kuma a bar wa likita.