Cat6 ko faiba: wanne za a ja daga ofis zuwa sito?

Wani ɗan uwa ya yi tambaya a kan ofishinsu da suke gyarawa. Ɗakuna takwas ne a gini ɗaya, sai sito a can ƙarshen fili, kusan mita 130 tsakaninsu, kuma suna son kyamara huɗu da kwamfuta biyu a sito. Mai aikinsu ya ce a sayi katan uku na Cat6, wayar tagulla ta haɗa kwamfutoci, a gama komai, wani kuma ya ce faiba, waya mai zaren gilashi, ce ta zamani. Wanne zai bi?

Malam, duka biyun za ka saya, amma kowanne da wurinsa.

Mu fara da tsawo, don nan ne maganar mai aikinka ta faɗi. Ƙa'idar TIA-568, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1991, ta kayyade wa wayar tagulla mita 100: mita 90 a cikin bango, mita 10 na guntayen wayoyin da ake sokawa a kwamfuta da suwic, wato na'urar da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta. Naka 130 ne. Wataƙila fitilar suwic ta kama ranar da aka haɗa, kowa ya tafi gida da murna, bayan wata biyu kyamara ta fara ɗaukewa da tsakar rana. Zafi yana rage wa tagulla ƙarfi, kuma mitocin nan an lissafa su ne a kan digiri 20, ba a kan silin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ba. Ita faiba mita 130 ba komai ba ce a wurinta. Nau'in faiba na OM3 yana kai bayanai da saurin gigabit 10 har mita 300, OM4 har mita 400, mai siririn ciki da ake kira OS2 kuma ana maganar kilomita 10 ne.

Amma ko da siton yana mita 60, ni faiba zan ja, saboda damina. Tagulla tana ɗaukar wuta, faiba kuwa zaren gilashi ce, haske kawai ke bi ta cikinta. Gini biyu da aka haɗa da tagulla, in aradu ta faɗo kusa, wutar takan biyo wayar ta shiga ɗaki. Na taɓa zuwa wani wuri da safe bayan ruwan dare: suwic mai ƙofa 24 yana warin ƙonannen roba, ƙofar da wayar waje ta shiga ta yi baƙi ƙirin, maƙwabtanta uku sun mutu tare da ita. Kuɗin da aka yi tsimi a waya, an biya shi ninki a na'ura.

To me ya sa ba za a yi faiba ko'ina ba? Saboda ba ta kai wuta. Cat6 tana ɗaukar bayanai da wutar da za ta kunna kyamara ko wayar tebur ko na'urar Wi-Fi ta waya ɗaya, abin da ake kira PoE: wat 15.4 a ƙa'idar 2003, wat 30 a ta 2009, har wat 90 a ta 2018. Ga shi kwamfuta da firinta duk da ramin RJ45, wato ramin soka wayar tagulla irin Cat6, suke zuwa. Filogin bakin Cat6 yaron shago zai matse maka shi, faiba kuwa sai mai injin haɗa zare, kuma ƙura kaɗan a bakinta ta isa ta hana aiki. A sito ma sai ka ajiye ƙaramin suwic mai PoE da ramin SFP, inda ake haɗa faiba, faiba ta shigo masa, shi kuma ya raba wa kyamarori da Cat6.

A cikin ofis Cat6 ta ishe ka. Tana ba da gigabit 1 har mita 100, gigabit 10 kuma zuwa kamar mita 55. Cat6A ce ke kai 10 ɗin har mita 100, amma ta fi kauri da tsada da taurin lanƙwasa. Ɗakuna takwas ba su kai a sha wannan wahalar ba.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen saye. Kasuwa cike take da katan da aka rubuta wa Cat6 alhali alminiyam ne aka shafa wa tagulla, wato CCA. Ƙa'ida ba ta yarda da shi ba, yana karyewa a baki, kuma yana zafi in an ɗora masa PoE. Ka feɗe silin waya ɗaya ka kankare shi da reza a gaban mai shago. In fari ya fito daga ciki, ajiye masa kayansa. Katan na gaskiya mita 305 ne kuma yana da nauyi a hannu.

Sauran na mai aiki ne: kowace waya ta ƙare a allon haɗi cikin akwati mai makulli, da lamba a kai da gindi, kada ta bi bututu ɗaya da wayar wuta, kada a warware murɗin silolin da ke cikinta fiye da milimita 13. Faibar kuma ku ja mai zare shida aƙalla ko da biyu za ku yi amfani da su, a cikin bututu saboda ɓera, don tonon ramin ya fi zaren tsada. Kafin ka biya cikon kuɗi, ya gwada kowace waya da na'urar gwaji ya ba ka sakamakon a rubuce.