Kwamfutar tebur ko laftop: wacce za a saya wa makaranta?

Malam, ka ce makarantarku sakandare ce mai ɗalibai wajen 300, ƙungiyar iyaye da malamai ta tara kuɗin kwamfuta 20, kuna so yara su saba kafin jarrabawar JAMB, amma kun rasa wacce za ku ɗauka tsakanin ta tebur da laftop. Kafin a shiga kasuwa, a zauna a yi lissafin wuta, don rashinta ne ke rufe ɗakin kwamfuta tun ledar kujerun ba ta fita ba.

Kwamfutar tebur ɗaya da allonta tana jan kamar wat 120. Guda 20 wat 2,400 ke nan, in za su yi awa 5 a rana an tashi kilowat-awa 12. Laftop wat 45 ya ishe ta, guda 20 wat 900, awa 5 kuma kilowat-awa 4.5. Faifan sola mai wat 400, a irin ranar da muke da ita a Arewa, yakan ba da kusan kilowat-awa 1.5 a yini bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya suka cinye. Wato na tebur sai da faifai 8 da inbata mai kVA 5 (ma'aunin nauyin wutar da take iya ɗauka), laftop kuwa faifai 3 ko 4 da inbata mai kVA 2 sun wadatar. Sannan in aka ɗauke wuta ana tsaka da darasi, na tebur duk sai su mutu lokaci guda, aikin yara ya bi ruwa, in abin ya yawaita Windows ɗin ma ya lalace. Laftop batirinta zai riƙe ta.

Wajen gyara kuwa ta tebur ce gaba. Kibod ya lalace, a cire a jona wani. Abin da ke ba ta wuta ya ƙone, kowane mai gyara zai canza shi cikin minti 15. Laftop tana da rauni a wuri uku: maɗaurin murfi, ramin caja, da batir, kuma allonta in ya fashe kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ga saurin ɗaukewa, don tana shiga jakar littattafai. Ƙurar hunturu dai ba ta bar kowacce ba, tana toshe fanka, zafin bazara ya zo ya ƙarasa. A rufe su da ƙyalle kullum, a hure su da bulowa sau ɗaya kowane zango.

A ganinmu, in ba ku da tsayayyiyar wuta, laftop ce taku, amma a saya wa kowacce kibod da mawus na USB. Hannun yara zai sauka a kan mai araha, kuma irinsa za su tarar a cibiyoyin jarrabawa da dama, tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Yaron da bai taɓa danna A, B, C, D na zaɓen amsa da N na wucewa gaba ba, rabin hankalinsa a kan maɓalli zai ƙare. In kuwa kuna da wuta da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ta tebur za ta fi daɗewa.

Ko wacce kuka ɗauka, in ta hannu ce, a tsaya a kan RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 8 da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama, don Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin na ƙasa da haka. Intanet ba dole ba ne a farko. Manhajojin karatu irin su Kolibri da Kiwix suna aiki ba tare da data ba.

Kar a kashe kuɗin duka a saye. Gara kwamfuta 18 da ajiyar kuɗin gyara da caja. Yara biyu-biyu a kan kowacce, rukuni 9 sun ɗauke makarantar, kowane rukuni darasi biyu a mako, a rubuce cikin jadawali. A horar da malamai aƙalla biyu kafin kayan su iso, kowa da mukullinsa, don ranar da ɗaya ya yi tafiya kada ɗakin ya kwana a kulle.