Ƙaramin sikelin dijital ɗin nan na 0.01g, ya yi ko bai yi ba?

Gaskiya ga mai koyon lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari a kemistri) wannan sikelin ba laifi wlh. Ka ɗora kofi ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sai ka zuba abinka kawai. Misali kana son ruwan gishiri 250mL mai ƙarfin 0.1M (mol 0.1 a kowace lita), wato mol 0.025 kenan, ka ninka da 58.44 (nauyin mol ɗaya na gishiri a giram) ya ba ka 1.46g, kuma tsaf yake nuna maka har lamba biyun nan na bayan ɗigo.

Amma fa in abin da za ka auna bai wuce 0.05g ba to ka haƙura, kuskuren 0.01 kaɗai kashi 20 cikin ɗari ne, lissafinka ya watse kenan. Sannan ba ya shiri da iska ko kaɗan, fanka na kunne lambobin sai rawa suke.

Masu cewa ya ba su sakamakon da ya haura 100% na abin da lissafi ya ce za a samu a gwaji kuwa, don Allah ku bar ɗora masa laifi, kayanku ne bai gama bushewa ba, ruwa kuka auna. Haka NaOH (sinadarin sodium hydroxide), tana kan sikeli tana zuƙar danshin iska nauyi na ta hawa, sai ka yi sauri.