Kayan Sautin Mota: Na Kamfani da Na Ƙari, Bayan Wata Takwas Ina Saurare

Motata Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka, ta shigo ta Kwatano kamar sauran 'yan uwanta. Aikina a Zariya yake, iyali kuma suna Kano, don haka duk yammacin Juma'a ina kan titi, duk asubahin Litinin ma haka. Wanda ke irin wannan kai-kawo ya san darajar rediyo. Shi ke hana ka gyangyaɗi tsakanin Kwanar Dangora da Tashar Yari, lokacin da rana ta buɗe kuma babu kowa a kujerar mai zaman banza.

Shekara uku na yi da kayan sautin da motar ta zo da su, ban taɓa ƙorafi ba. Sai wata rana sifikar ƙofar direba ta fara wani irin zuzu, kamar an kulle ƙuda a gwangwani. Duk sanda mai karanta labarai ya ja numfashi ya ɗaga murya sai ta amsa masa da karkarwa. Na yi wata biyu ina mayar da sautin ɓangaren dama kawai, har maiɗakina ta ce, "Maigida, ko dai ka gyara ko ka kashe, kunnena ni kaɗai ake duka."

Da aka cire murfin ƙofar na ga abin da ke ciki, sai da na yi dariya. Ba da noti aka ɗaura sifikar ba, ƙusar matsi ce, sai da aka huda kanta da inji. Da aka miƙo mini ita, ba ta fi faifan kaba nauyi ba. Fuskarta takarda ce, maganaɗisun bayanta bai fi bakin kofin shayi ba, sai wani zoben soso da ke riƙe da gefen takardar. Na taɓa soson da yatsa ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abu ya haura shekara goma sha huɗu a cikin ƙofar ƙarfe, ya sha zafin Afrilun Kano da ke wuce digiri 40 a inuwa, ya sha ƙurar hunturu, ya sha ruwan da ke zirarowa ta gefen gilashi da damina. Ai ta yi ƙoƙari.

Daga baya ne na gane rashin nauyin nan ba rowa ba ce kawai. Rediyon mota da wutar batir yake aiki kai tsaye, wato bolt 12 zuwa 14 da 'yan kai, kuma da irin wannan wutar abin da zai iya tura wa sifika mai om 4 (om ma'aunin tirjiyar sifika ga wuta ne) bai wuce wat 15 zuwa 20 na gaskiya ba. Takarda marar nauyi ita ce ke motsi da ƙaramin ƙarfi irin wannan. Injiniyoyin kamfani sun haɗa rediyo da sifika ne su dace da juna, kamar jaki da kayan da zai iya ɗauka. Ban san wannan ba a ranar da na shiga kasuwa.

A shagon da na je kwalaye ne jere har rufi, Pioneer, JBL, Kenwood, Sony, da wasu sunayen da ban taɓa ji ba. Kowane kwali da manyan lambobi a gaba, wannan wat 300, wancan wat 600. Yaron shagon ya ɗauko mai lamba mafi girma ya ce, "Alhaji, wannan in ka sa, daga Zoo Road za a ji ka a Kofar Nasarawa." Wani abokina da ke gyaran kayan sauti na masallatai ya riga ya ja mini kunne: ka juya kwalin, ka nemi ƙaramin rubutun da ke da haruffa RMS a gefe. Wancan babban adadin ƙarfin da sifika za ta jure ne na ƙiftawar ido. RMS shi ne abin da za ta ɗauka yini guda ba ta ƙone ba, kuma sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda aka rubuta da jan fenti ba. Ya kuma ce in ɗaga in ji nauyi, in duba rubutun jiki, don jabu sun yi yawa, kwalinsu ma ya fi na asali sheƙi.

Na ɗauki Pioneer mai inci shida da rabi, irin wadda aka raba ƙaramar sifikar siririn sauti, wadda suke kira tuwita, daga babbar. Na kai wa wani mai wayarin da ke kusa ya ɗaura. Cikin awa ɗaya ya gama, ya kunna, ya dube ni yana jiran yabo.

Gaskiya jikina ya yi sanyi. Muryoyi sun fito tas, har ƙarar takardar da mai labarai ke juyawa ana ji, amma nauyin sautin duk ya gudu. Ganga ta koma kamar ana buga kwano. Na yi mako guda ina jin kamar na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Ranar Asabar abokin nawa ya shiga motar, ya saurara na minti ɗaya, ya murɗa sautin gaba ɗaya zuwa hagu. Nan take bes, wato nauyin sautin, ya dawo. Ya mayar tsakiya, ya ɓace. Ya ce, "An juya maka waya." Ƙofa ɗaya an haɗa mata waya daidai, ɗayar an haɗa a baibai, don haka in wannan ta turo iska waccan sai ta ja, suna kashe juna. Ya cire murfin, ya ɗauko batirin tocila guda, ya taɓa wayoyin biyu a kansa. Fuskar sifikar ta yi tsalle waje. Ya gwada ɗayar, ta shige ciki. Aikin minti biyar, ya sauya wayoyin, ganga ta zama ganga.

Shi ne kuma ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani a duk wannan hidimar, kuma ita ce mafi araha: a liƙa wa ƙarfen ƙofa tabarmar hana karkarwa. Ƙofar mota ita ce akwatin sifika, kuma akwati ne na siririn ƙarfe mai ramuka. Ƙwanƙwasa ƙofar motarka ka ji, in ta amsa kamar garwa to rabin sautinka a can yake tafiya. Wasu masu ɗaurawa suna amfani da abin liƙe rufin kwano mai kwalta saboda araha. Kada ka yarda. Na taɓa shiga motar da aka yi wa haka da tsakar rana, wari kamar ana zuba titi, kuma zafi yana sa shi ya saki ya zame. Na roba ake nema, mai fuskar alminiyom. Bayan an liƙa, ko rufe ƙofar ma ya canja murya, ya koma wani dim mai nauyi kamar na babbar mota, ƙarar taya kuma ta ragu.

Da a nan na tsaya, da na huta. A cikin gari, gilashi a rufe, sabbin sifikun a kan rediyon kamfani sun fi na da nesa ba kusa ba. Na fi ganin bambancin a karatun Alƙur'ani, inda tsohuwar sifika ke cakuɗa sin da sad, sabuwar kuma kowane harafi da wurinsa. A kiɗan gargajiya ma haka: kalangu yana magana, kukuma tana kuka a gefe, ba wanda ya hau kan wani. Tuwitar da aka ɗora a sama ta ɗago sautin daga gwiwa zuwa fuska, kamar mai maganar yana zaune a kan dashbod.

Matsalar a babban titi take. Da na wuce gudun 100, iska da taya suka taso, sai in ƙara murya, rediyon kuma ƙarfinsa ya ƙare. Sautin ya fara tsagewa, yana soke kunne, in isa Zariya da ciwon kai. Wannan tsagewar ba daga sifika take ba. Rediyon ne ake tambayarsa abin da ba shi da shi, kuma irin wannan gurɓataccen sautin ne ke ƙona tuwita.

Shi ya kai ni ga amfilifaya. Na sayi ƙarama mai layi huɗu, wat 60 RMS kowane layi, wadda ta shiga ƙarƙashin kujera ba ta tare komai ba. Ta ci kusan ninki biyu na kuɗin sifikun, ban da waya da kuɗin aiki. Aikinta shi ne ta ɗaga wutar batir sama a cikinta kafin ta tura wa sifika, abin da rediyo ba ya iyawa. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa wat 60 zai ninka ƙarar wat 18 sau uku. Kunne ba haka yake lissafi ba. In ka ninka wuta sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, wanda da ƙyar za ka ce an taɓa maɓalli. Sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka. Abin da amfilifaya ta ba ni sarari ne. A gudun da rediyo ke haki, ita ko gumi ba ta yi, sautin yana nan da tsabtarsa kamar motar a tsaye take.

Sai dai kafin in kai ga wannan daɗin na sha wuya, kuma duk daga hannun mai ɗaurawa. Na farko, wani siririn fito da ke bin totur: in na taka ya hau, in na saki ya sauka, kamar akwai sauro a injin. Ashe wayar ƙasa, wadda ake jonawa da ƙarfen jikin mota, ya ɗaura a kan notin kujera, kan fenti, bai kankare ƙarfen ba. Na biyu ya fi ciwo. Rediyon kamfani ba shi da wayar da ke tayar da amfilifaya, sai ya jona ta da wayar da ke da wuta dare da rana. Na ajiye motar Juma'a da dare, asubahin Litinin na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Sai da maƙwabcina ya fito da jallabiya ya ba ni wuta daga tasa, yana ta yi mini tsiya wai na sayar da batir na sayi kiɗa.

Na canja mai aiki. Na biyun dattijo ne marar yawan magana. Ya bi wayar wuta tun daga batir, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, Allah ne ya kiyaye ka." Babu fiyus a bakin batir ko ɗaya. An sa shi can kusa da amfilifaya, an bar waya mai kauri ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota ba ko roba a ramin. Da ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Fiyus wurinsa kusa da batir, bai wuce kamu ɗaya ba. Ya kuma yanki bakin wayar ya nuna mini: waje ja, ciki fari. Alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kuma tana saurin cin tsatsa a mahaɗa. Ya sauya ta, ya mayar da wayar tayarwa kan layin da ke mutuwa in an zare makulli, ya kankare wurin wayar ƙasa har ya yi ƙyalli. Sannan ya zauna ya saita maɓallin gen, mai daidaita amfilifaya da ƙarfin sautin da rediyo ke turo mata, wanda na farkon ya murɗe har ƙarshe yana zaton na ƙara murya ne. Ya kuma datse sauti mai nauyi sosai, wato wanda ke ƙasa da haz 80, daga sifikun ƙofa, ya ce wannan ba aikinsu ba ne.

To aikin wa? Na ufa, wato babbar sifikar da sauti mai nauyi kaɗai take fitarwa. Kuma nan ne na yi asarar da ba wanda ya jawo mini sai son zuciyata. Na karɓi ta wani ɗan uwa mai inci 12 a akwatinta, da tata amfilifayar, aka ɗora a but. Kwana biyun farko na ji kamar saurayi, madubi yana rawa, lambar mota tana kaɗawa. A kwana na uku na ɗauko Hajiyata zuwa asibiti, ta ce, "Kai, wannan abin da ke dukan ƙirjina fa?" Na kashe. Ranar Juma'a kuma buhun masara ya ƙi shiga but. Na zauna na yi wa kaina hisabi: abin da nake ji a mota labarai ne, shirye-shiryen siyasa na dare, wa'azi, karatu, sai kiɗan gargajiya jefi-jefi. Muryar mutum ba ta sauka can inda ufa ke aiki. Ga matashin da ke jin kiɗan zamani mai duka, ufa ita ce rabin daɗin, ba na musu. Ni dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Sifikun baya masu inci 6 da 9 ban taɓa su ba, har yau na kamfani ne, kuma ba na jin rashin komai. Mai tuƙi daga gaba yake ji.

Akwai wani abu da ya kamata mai niyya ya duba kafin ya kai motarsa a farke. Ba duk kayan kamfani ne irin nawa ba. Surukina yana da Camry mai tambarin JBL a jikin rediyo, kamar yadda ake samun Bose a wasu Mazda, ko Mark Levinson a Lexus. Irin waɗannan da amfilifayarsu suke zuwa a ɓoye, an kuma auna sautin da girman ɗakin motar tun daga masana'anta. Mun jera motocin biyu a ƙofar gida, muka sa karatu ɗaya ta waya. Tawa ta fi tsabtar murya da ƙarfi in an ƙure. Tasa ta fi cika mota, na gaba da na baya duk abu ɗaya suke ji, kuma ba a taɓa kwance masa ko noti ɗaya ba. Da irin tasa gare ni, sifikar da ta mutu kawai zan nemi madadinta daidai da om ɗinta, don nasu ba lallai ya zama 4 ba, in bar sauran yadda suke.

Rediyon kansa na bar na kamfani, duk da an yi ta tallata mini mai allo irin na Android. Yana kama Freedom a 99.5 da Arewa a 93.1 ba gargada har in yi nisa da gari, maɓallansa manya ne, ina lalubarsu ba tare da na ɗauke ido daga titi ba. Na sayi ɗan ƙaramin Bluetooth na soka a ramin AUX, shi ke nan.

Wata takwas ke nan, damina ta wuce, hunturu ya shigo, ba abin da ya yi karkarwa, batir bai sake kwana ba. Ufar kuwa tana shagon askin ƙanena a unguwa, an jona ta da wani tsohon batir, kuma maƙwabtansa sun riga sun kawo mini ƙara sau biyu.