Jira, DOORS, Jama ko Polarion: wacce ce za ta nuna maka abin da canji ya taɓa?

Aikina rubuta buƙatun manhaja ne. Ina zama da mai aiki in ji abin da yake so, in mayar da shi rubutun da injiniya zai yi gini a kai, mai gwaji kuma ya tabbatar da shi. Shi ya sa idan ana gardamar manhajar da ta fi dacewa da tafiyar da aiki, ba na fara duba kyawun allo. Gwaji guda nake yi wa kowacce. Sai in shigar da wannan buƙata: idan mutum ya kuskure lambar sirrinsa sau 3 a jere, a kulle asusunsa na minti 15. In haɗa ta da bayanin tsari, da aikin da aka ba injiniya, da gwaje-gwajen da za a yi, da saƙon da za a aika wa mai asusun. Sannan in koma in mayar da 3 ɗin ya zama 5, kamar yadda masu aiki suka saba canza shawara a tsakiyar tafiya. Abin da nake jira in gani shi ne ko manhajar za ta ɗaga mini hannu ta ce ga abubuwan da wannan canji ya taɓa, ko kuwa za ta yi shiru.

Dalilin gwajin shi ne bin diddigin aiki daban, kula da buƙatu daban, duk da cewa masu tallar manhajoji kan haɗa su a jimla ɗaya. Tikitin aiki, wato bayanin wani aiki guda da ake buɗewa a manhaja don wani ya yi shi, yana da ranar mutuwa: an buɗe shi, an yi, an rufe, ba mai sake leƙa shi. Buƙata kuwa tana nan da ranta muddin manhajar na aiki. Bayan shekara 4 wani zai zo ya tambayi wanda ya ce minti 15, da ranar da aka amince, da gwajin da ya nuna an cika. Idan amsar tana binne cikin tikitin da aka rufe tuntuni, to kusan babu ita.

Trello da Asana ba za su ɗauke mu lokaci ba. Trello, wadda ta fito a 2011 kuma Atlassian ta saye ta a 2017, allo ne na katuna da ake ja daga wannan layi zuwa wancan, kuma a wannan fanni ban ga mai sauƙinta ba. Sabon ma'aikaci zai gane ta kafin a gama yi masa bayani. Asana ta fi ta iya rabon aiki da wa'adi. Amma a duka biyun, da na canza 3 zuwa 5, katin ne kawai ya canza. Ba don wannan aka gina su ba, kuma ba na ganin laifinsu.

Jira ce ake yawan muhawara a kanta, domin ita ce a hannun mafi yawan waɗanda nake aiki da su. Atlassian ta fitar da ita a 2002 a matsayin wurin rubuta kurakuran manhaja, kuma har yau wannan asali yana nan a jikinta: komai tikiti ne. Ƙarfinta a bayyane yake. Kana iya tsara matakan da tikiti zai bi yadda ka ga dama, ka hana a rufe shi sai wani ya duba. Harshen bincikenta, JQL, shi ne abin da na fi so a cikinta. Da layi ɗaya za ka zaro duk tikitin da aka buɗe a watan jiya, mai muhimmanci, wanda ba a ba kowa ba. Wajen sanin wa ke riƙe da me, da abin da ya maƙale, Jira ta gama magana.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jira tana barinka ka haɗa tikiti da tikiti, tana kuma ajiye tarihin kowane gyara, wato za ka ga wanda ya canza 3 zuwa 5 da lokacin da ya yi. Abin da ba ta yi da kanta shi ne ta sa wa gwajin da ke maƙale da buƙatar alamar cewa a sake duba shi. Gwajin zai ci gaba da nuna ya yi nasara, alhali tsohuwar doka yake gwadawa. Haka kuma ba ta da hanyar daskarar da dukkan buƙatu a rana ɗaya a ce wannan ce sigar da mai aiki ya sa wa hannu. Mutane kan cike giɓin ta hanyar rubuta buƙatun a Confluence, manhajar rubuta takardu ta Atlassian, su ƙara wa Jira kayan haɗi na wasu kamfanoni, irin su Xray ko Zephyr don gwaji, da R4J ko Requirement Yogi don buƙatu. Haɗin yana aiki, na gani da idona, sai dai ka sani cewa yanzu kamfanoni daban-daban kake dogaro da su, kuma dole a samu mutum guda da zai riƙa kula da yadda suke jituwa. Wani abin lura ga masu son ajiye bayanansu a kwamfutocinsu: tun Fabrairun 2024 Atlassian ta daina tallafa wa nau'in Jira mai suna Server, wanda ake girkawa a kwamfutar mai shi.

Azure DevOps ta Microsoft ta ɗan fi kusantar abin da nake nema, saboda allon aiki da ma'ajiyar lambobin manhaja da tsarin gwaji duk a gida ɗaya suke. Injiniya ya rubuta lambar tikitin a bayanin gyaransa, alaƙar ta ƙullu nan take. Ana kuma iya gina rukunin gwaji kai tsaye daga buƙata. Daga buƙata zuwa gyara zuwa gwaji, hanyar a buɗe take. Ita ma dai sai ka bi hanyar da ƙafarka, ba za ta kira ka ba.

Wadda ta fara kira na ita ce DOORS. Tsohuwa ce, tun shekarun 1990. Ta bi ta hannun Telelogic kafin IBM ta sayi kamfanin a 2008. Wanda ya saba da manhajojin zamani, idan ya buɗe tsohon nau'inta, zai ga kamar an mayar da shi baya, kuma koyonta na son haƙuri. Amma dubi abin da take yi. Kowace jimla ta buƙata abu ne mai zaman kansa, da lambarsa da ba a sake ba wani ko da an goge shi. A gefen hagu na kowane layi akwai wani siririn sanda mai launi: kore na nufin ba a taɓa shi ba tun sigar da aka daskarar, rawaya na nufin an canza an ajiye, ja kuma gyara ne da ba a ajiye ba tukuna. Kallo ɗaya za ka yi wa shafi ka san inda hannu ya shiga. Da na mayar da 3 zuwa 5, alaƙar da ke tsakanin buƙatar da gwajinta ta zama abar zargi, tana jiran wani ya duba ya wanke ta. Wannan shi ne ainihin aikin. Tana da harshenta na rubuta ƙananan umarni, DXL, wanda kamfanonin jiragen sama da na jiragen ƙasa da na tsaro suka shafe shekaru suna gina rahotanninsu da shi. Shi ne kuma yake ɗaure su, domin sabon nau'in, DOORS Next, gini ne daban, kuma waɗannan umarni ba sa tafiya a kansa sai an sake rubuta su.

Jama Connect da Polarion suna yin wannan aiki a cikin burauza, da fuska mai sauƙin sha'ani. Abin da ya ja hankalina a Jama shi ne wurin bita. Ka zaɓi buƙatu ka aika wa mutane, kowa ya bi su layi-layi, ya amince ko ya ƙi da dalilinsa, a ƙarshe a sa hannu ta kwamfuta. Duk wanda ya taɓa tattara gyare-gyaren mutum 6 daga kwafin Word daban-daban da aka turo ta imel ya san darajar wannan. Polarion, wadda Siemens ta mallaka tun 2016, ta bi wata hanya: kana rubutu kamar a takarda ta yau da kullum, amma kowane sakin layi zai iya zama buƙata mai lambarta da alaƙoƙinta. Ga wanda kwangila ta tilasta masa miƙa cikakkiyar takarda, wannan babban sauƙi ne. Duka biyun sun ci gwajina.

Sai dai kada a ɗauka cewa saye shi ne magani. Alamar zargi ba ta fitowa sai an ƙulla alaƙar tun farko, kuma mutum ne ke ƙulla ta. Na ga tawagar da ta ɗauko irin wannan babbar manhaja ba tare da ta ware mai kula da ita ba. Cikin ɗan lokaci alamomin suka taru da yawa har aka daina kallonsu, aka koma Excel a ɓoye. Abin ya dame ni, domin an kashe lokaci da ƙarfi, amma amfanin da ake nema ya salwanta.

Ga inda na tsaya. Idan manhajarka ta shafi rai, wato mota da ke ƙarƙashin ƙa'idar kariya ta ISO 26262, ko jirgin sama da ƙa'idar DO-178C, ko na'urar asibiti da ƙa'idar IEC 62304, mai tantancewa zai nemi ka nuna masa zaren da ya tashi daga kowace buƙata zuwa gwajinta. A nan zan ɗauki Jama idan bita da mutanen waje ta fi yawa, Polarion idan takardu ne ginshiƙin aikin, DOORS kuma idan mai kwangila da ita yake aiki, sannan in bar injiniyoyi a Jira su ci gaba da tikitinsu, a haɗa biyun. Idan kuwa ƙaramar tawaga ce mai gina manhajar waya ko shafin intanet, Jira ko Azure DevOps sun wadatar, da sharaɗin buƙatun su zauna a wuri ɗaya da lambobinsu, kuma ba a amince da canji sai an rubuta gwajin da ya shafa. Mai son abin da zai girka a kwamfutarsa ya riƙe da kansa yana iya duba Redmine, wadda take a buɗe ga kowa tun 2006.

Kafin ka sa hannu da kowane kamfani, ka ce su fitar maka da bayananka ka gani. Akwai tsarin musayar buƙatu mai suna ReqIF, wanda ya samo asali daga masu ƙera motoci na Jamus, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja kuma ta karɓe shi a 2011. DOORS da Polarion suna karanta shi suna rubuta shi, Jama ma tana yi ta wani kayan haɗi nata. Jira a karan kanta ba ta fitar da ReqIF, fayil irin na CSV za ta ba ka, wato jadawalin da ake buɗewa a Excel, kuma tarihin gyare-gyare ba ya biyo shi. Ka buɗe fayil ɗin a wata manhajar, ka nemo buƙatar nan ta kulle asusu, ka duba ko gwajinta ya iso tare da ita.