Mash ɗin dankali na firiza da na yi oda a nan Jos

Masu ta tambayata a kan matar nan ta wajen Rayfield da ke sayar da mash ɗin dankalin turawa (wato dafaffen dankali da aka murƙushe) a daskare, to na saya mun ci, kuma gaskiya ta iya. Duk wadda ta taɓa jefa dafaffen dankali a firiza ta san yadda yake fitowa, ruwa gefe guda shi kuma ya yi gari-gari ba kyan gani. Nata bai yi haka ba sam, tun cokalin farko za ki gane ba ta yi rowar bota da madara ba, maiƙon nan shi ke riƙe dankalin idan ƙanƙara ta kama shi. Kuma da hannu aka murƙushe, ba bilenda ba, don bilenda danƙo take sa shi ya dinga ja kamar teba, ni dai ba na iya ci in ya yi haka.

Wajen ɗumamawa ne yawancin mutane ke ɓata abin su dawo suna zagin mai sayarwa. Ni da daddare nake fito da shi in sa a firij ya saki da kansa, da safe in juye a tukunya, wuta can ƙasa, in ɗan zuba madara in ta juyawa da muciya. Da fari zai tsinke ki ce shi ke nan kuɗina sun tafi, a'a ki ci gaba da juyawa kawai zai haɗe jikinsa, kuma ki bari ya yi zafi sosai har tsakiya yana tururi kafin ki sauke. Na gwada a maikurowef ma ya yi, amma sai kina tsayawa kina juyawa, in ba haka ba gefe ya ƙone tsakiya na nan da ƙanƙararsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne robar. Ta yi girma wallahi, kuma abin da ya riga ya narke ba a so a mayar da shi firiza, to mu da ba mu da yawa a gida ya za mu yi da ragowar? Da za ta dinga ƙullawa kaɗan-kaɗan a leda, cin mutum ɗaya, ta baje shi fale-fale, da ya fi saurin daskarewa da saurin saki. Sannan babu kwanan wata a jiki, alhali bayan wata ɗaya zuwa biyu ɗanɗanon ya fara gudu. Gishiri ma ya ɗan yi kaɗan amma wannan ba matsala ba ce.

Kuɗin kam da tsada, musamman a garin da ake sauke dankalin Bokkos da Mangu buhu-buhu, ki shiga kasuwar Farin Gada ki cika kwando da abin da za ki biya roba biyu. Amma ga ma'aikaciya ko mai yaron da ya fara cin abinci, hutun fere da dafawa ya ci kuɗinsa. In dai unguwarku ana kwana biyu ba wuta kuma ba ku da sola ko janareto, kar ma ki sayi na ajiya, ki karɓi wanda za a cinye ranar. Na yi mata maganar ƙananan ledoji da kwanan watan a WhatsApp, ta ce in sha Allah za ta duba, sai na gani a odar gaba.